Sarƙar Taimin da Kuɗinta: Nasiha ga Mai A-kori-kura

Labari ya iso ni cewa kwana biyu ba ka da walwala, tun ranar da makanike ya saurari injin Hilux ɗinka ya ce sarƙar taimin ce ke kuka, ya kuma faɗa maka abin da aikin zai ci. An ce ka yi niyyar ka lallaɓa motar haka nan har kaka ta wuce, in ya so idan kuɗi sun taru a gyara, ko kuwa ka sayi sarƙar ita kaɗai a ɗaura, a bar sauran kayan yadda suke. Na san abin da ya kai ka ga wannan tunani. Lokacin da hatsi ke kwararowa daga ƙauyuka zuwa Dawanau shi ne lokacin da mai a-kori-kura ke samun na shekara, kuma babu wanda zai so motarsa tana gareji a kwance alhali abokan sana'a na ta lodi. Duk da haka ka ba ni aron hankalinka kafin ka yanke shawara. Na daɗe a harkar mota, na ga mutane da dama sun tsaya inda kake tsaye yau, na kuma ga inda kowace hanya ta kai mai bin ta.

Ka fara da sanin abin da za ka kashe wa kuɗin. A cikin injin akwai ƙarafa masu juyawa da dole su tafi tare. Na ƙasa shi ne kiranshaf, wanda fistin ke turawa. Na sama shi ne kamshaf, wanda ke buɗe bawul ya rufe, iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. Injinka kamshaf guda biyu gare shi. Duk juyi biyu na kiranshaf, kamshaf juyi ɗaya yake yi, ba ƙari ba ragi, kuma sarƙar nan ce ke tsare wannan ƙa'ida. Ka taɓa tsayawa ka kalli mata biyu suna lugude a turmi ɗaya? Taɓarya ɗaya na sauka, ɗaya na tashi, wuri ɗaya suke nufa amma ba sa karo, domin kowace ta san lokacinta. To haka fistin da bawul suke a yawancin injinan zamani, fili ɗaya suke rabawa, kowa da lokacinsa. Ranar da sarƙa ta tsallake haƙora ko ta tsinke, fistin zai taso ya tarar bawul bai koma ba, kuma injin da ke juyi 2,000 ko 3,000 a minti ɗaya ba zai tsaya ya ba shi hanya ba.

Za ka ji ana cewa sarƙa ta saki. Abin da ke faruwa shi ne 'yan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta suna cinyewa a hankali, kowace gaɓa ta samu ɗan sarari wanda ido ba ya gani, idan aka tara na gaɓoɓin duka sai tsawon sarƙar ya ƙaru. Akwai ajasta a gefe mai ɗame ta, kuma da ƙarfin baƙin mai yake aiki. Akwai kuma damfa guda biyu masu fuskar roba da sarƙar ke zamewa a kansu don kada ta yi lilo. Idan mota ta kwana, mai ya koma ƙasa, da safe aka murza makulli, sai a ɗauki 'yan daƙiƙu kafin man ya hau ya tura ajasta. A wannan ɗan tsakanin ne sakakkiyar sarƙa ke bugun gefe, ka ji kacau-kacau daga gaban injin, can sai ta yi shiru. Shirun nan shi ke yaudarar mutane. Mota ta yi zafi, ƙara ta ɗauke, direba ya ce ai ta warke. Ba ta warke ba. Ajasta ne ya ƙara miƙewa ya rufe mata asiri, kuma shi ma yana da iyakar da ba zai wuce ba.

Amma kafin mu shiga lissafi, abin da na fi so ka fara yi shi ne ka tabbatar sarƙar ce. Injin fetur na Hilux mai lita 2.7, wanda Toyota ke kira 2TR-FE, an san shi da jimiri, kuma sarƙarsa ba ta cikin masu saurin gajiya idan ana kula da mai. Ƙara daga gaban injin tana iya zuwa daga wurare da yawa. Famfon ruwa na kuka, boris ɗin altaneta na kuka, abin da ke ɗame fanbel ma na kuka. Makanike mai hankali zai cire fanbel ya tayar da injin na ɗan lokaci kaɗan. Idan ƙarar ta ɓace, to a waje matsalar take, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na sarƙa ba. A kan kamshaf ɗin injinka akwai wata giya ta musamman mai sauya lokacin buɗewar bawul, ita ma da mai take aiki, kuma idan ta gaji tana yin irin wannan ƙarar ta safe. Sannan a auna ƙarfin mai da ma'auni, kada a tsaya ga fitilar dashbod kawai, domin idan famfon mai ya raunana ko rariyarsa ta toshe, ko sabuwar sarƙa aka saka ƙarar za ta dawo. A sa kwamfuta a karanta. Idan ta nuna P0016, tana faɗa maka kiranshaf da kamshaf sun daina tafiya daidai, kodayake ko wannan wani lokacin laifin sensa ne ko datti a hanyar mai. A ɗaga murfin saman injin a dubi sarƙar da ido. Duk wannan bai fi aikin rabin yini ba. Ba raina makanikenka kake yi ba idan ka nemi a yi shi, kuma idan ka ga dama ka kai wa wani na biyu ya saurara. Mai gaskiya ba ya jin haushin a sake duba maganarsa.

Na ambaci sunan injinka da gangan, domin a tasha za ka ji shawarwari iri-iri daga mutanen da motocinsu ba irin taka ba ne a ciki, ko da bodin ɗaya ne. Hilux na gas masu injin 5L da 2KD da 1KD bel gare su, na roba, kuma bel lokacinsa a rubuce yake. A masu injin KD fitila ce ma ke kamawa idan an yi tafiyar kilomita 150,000. Wanda ya saba da bel zai ce maka ai aikin awa kaɗan ne, kuma gaskiyarsa, amma tasa motar yake nufi. Daga 2015 Toyota ta mayar da sababbin injinan gas na Hilux, 1GD da 2GD, kan sarƙa. Masu Navara ƙirar D40 da ta fito a 2005, mai injin gas YD25, su kuma sarƙa biyu gare su, ta ƙasan layi ɗaya ce, kuma ta yi suna wajen saki da tsinkewa, har akwai kayan da ake sayarwa don a mayar da ita mai layi biyu. Idan ɗayansu ya tsorata ka, daga abin da ya gani yake magana. Mu da muka tashi da Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda aka fara aikin haɗa motoci a 1975, gajeruwar sarƙa muka sani, domin kamshaf ɗinta a jikin injin yake kusa da kiranshaf, ba sai an haura sama ba. Shi ya sa wani dattijon zai ji kuɗin da aka yanka maka ya ce an cuce ka. Zamani ne ya canja injin, kuɗin ya bi shi.

To idan an tabbatar sarƙar ce, me ya sa kuɗin ya yi yawa haka, alhali abin da za ka iya naɗewa a tafin hannu ne? Saboda inda take zaune. Kafin hannu ya kai gare ta sai an zubar da ruwa da mai, an cire fanka da fanbel, sau da yawa har da lagireto don a sami fili, an kwance babban notin da ke gaban kiranshaf, an ɗaga murfin sama, an sauke kwanon mai na ƙasa, sannan a ɓamɓare murfin gaba wanda da gam aka manne shi, kuma famfon mai a jikinsa yake. Duk abin da aka ɓamɓare sai an kankare shi tas an sake mannewa. Don haka kuɗin kashi uku ne, ko da makanike bai rarraba maka ba. Akwai na kaya: sarƙa, ajasta, damfa biyu, fayafayan haƙoran da sarƙar ke hawa, oyil sil na gaba, gasket, gam, sabon mai, filta da ruwan lagireto. Injinka yana da wata ƙaramar sarƙa ta biyu a ƙasa mai juya ƙarafan da ke rage girgiza, ita ma da nata ajasta, kuma tunda an buɗe dole a dube ta. Akwai kuɗin aiki. Sai na ukun da ba wanda zai rubuta maka a takarda, wato kwanakin da motar za ta yi ba ta fita ba.

A Amurka, inda a-kori-kura ta zama motar kowa, wannan aiki yakan ci daga wajen dala 1,000 zuwa 2,500, wani lokaci ya zarce, musamman a manyan injina irin na Ford F-150 mai lita 5.4 na shekarun 2004 zuwa 2010, wanda ke da dogayen sarƙoƙi biyu. A can kuɗin aiki ne ke cinye kaso mafi girma, domin da awa ake biyan gareji, kuma awa ɗaya ta wuce dala 100. A wurinmu abin ya juye. Hannun makanike da araha yake, har ya yi arahar da ba ta dace ba, kayan ne ke da tsada, domin daga waje suke zuwa kuma dala suke bi. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 ce. A 2024 ta haura 1,500. Shi ya sa ba zan rubuta maka adadin naira a nan ba, don farashin da wani ya saya bara ba shi ne na bana ba, kuma na bana ma waya ɗaya daga Legas tana iya canja shi kafin la'asar. Abin da ba ya canjawa shi ne tsarin lissafin, kuma shi nake so ka riƙe.

Tunda a wurinmu kaya ne mai tsada, nan ne kowa ke neman ragi, kuma nan ne ake faɗuwa. Idan ka shiga Ƙofar Ruwa, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, mai shago zai iya ajiye maka kwali uku a gabanka, duka da sunan injinka, farashinsu kuma ya yi nisa da juna ƙwarai. Akwai orijina na kamfani. Akwai na kamfanonin Japan masu yin kayan gyara da sunansu, irin su OSK, waɗanda makanikai da yawa suka yarda da su. Sannan akwai jabu, wanda wani lokacin kwalinsa ya fi na gaskiyar sheƙi. Ido ba ya bambance sarƙar kirki da ta banza, domin bambancin a taurin ƙarfen ƙusoshin yake, da ingancin robar damfa, da yadda ajasta ke riƙe mai. Sai an yi 'yan watanni ake gane wadda aka saya. Araha ba ta ado, ɗana, balle a abin da aka binne a cikin injin. Ka je da lambar shasin motarka a fitar maka da lambar kayan daidai. Ka saya wurin mutumin da yake da shago tsayayye, wanda aka san shi, wanda zai ba ka rasit, wanda gobe za ka iya komawa ka same shi a zaune. A kowace kasuwa akwai masu tsoron Allah, kuma makanikai sun san su. Ka tambayi fiye da ɗaya, sunan da ya maimaitu shi za ka nufa.

Kayan Beljiyam kuwa ina da ra'ayi a kansu. Ƙofa, giyabos, altaneta, sitata, duk ina iya sayen na hannu in kwana lafiya, sau da yawa ma sun fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Sarƙar taimin da ajasta da damfa ba sa cikin wannan sahu. Abin da ke cinyewa da tafiya ne, kuma ba ka san nisan da ya riga ya yi ba. Robar damfa ta sha zafin injin shekara da shekaru, ta bushe, tana iya yi maka kyau a hannu ta karye bayan mako biyu.

Maganar sayen sarƙa ita kaɗai ita ce ta fi damuna, don ita ce mai kama da hikima. Tsohuwar sarƙa ba ita kaɗai ta tsufa ba. Haƙoran da take hawa sun cinye tare da ita, sun ɗauki siffarta. Idan ka ɗora sabuwa a kan tsofaffin haƙora, ba za ta zauna daidai ba, nauyin zai taru a kan 'yan gaɓoɓi maimakon ya rarrabu, sai ta tsufa kafin lokacinta. Tsohon ajasta kuma da ya saba miƙewa har ƙarshe, da damfar da sarƙa ta riga ta haƙa wa kwari, ba za su zama sababbi don maƙwabciyarsu ta zama sabuwa ba. Nan da 'yan watanni ƙarar ta dawo, ka sake biyan kuɗin aiki, ka sake sayen gam da gasket da mai da oyil sil, ka sake ajiye mota. Abin da ka rage a yau sai ka biya shi ninki, ga kuma ɓacin rai tsakaninka da makanike, kana zargin hannunsa alhali kai ka ɗaure masa hannun. Ƙofar nan sau ɗaya ya kamata a buɗe ta, a yi duk abin da ke bayanta, a rufe. Idan famfon ruwa ya fara motsi ko yana ɗiga, wannan ne lokacinsa shi ma, tunda ga shi a fili.

Jira har kaka ta wuce kuwa, ba zan ce maka lalle sarƙar za ta tsinke gobe ba. Wata takan yi wata da watanni tana kuka. Amma ka dubi lokacin da ka zaɓa ka gwada ta: lokacin da za ka fi lodi, ka fi tafiya, injin ya fi shan wuya a hanyoyin ƙauye masu yashi da ramuka, ga sanyin asuba ya fara shigowa, mai na yin kauri yana jinkirin hawa. Idan ta tsallake, ba a ƙofar gareji za ta tsallake ba. A hanyar Maigatari ce ranar Alhamis, ko kana dawowa daga Wudil ranar Juma'a da yamma, da kayan mutane a baya. Daga nan lissafi ya zama wani. Za ka biya janwe, ka biya wata motar ta kwashe kayan, ka kwana ko yaronka ya kwana a bakin hanya yana gadi, kuma ka san yadda hanyoyinmu suke da dare a wannan zamani. A gareji kuma maimakon murfin gaba kawai sai an sauke top silinda, a canja bawul ɗin da suka lanƙwashe, a kai kan injin wurin masu gyaransa, a sayi gasket ɗinsa. Idan fistin ya fashe ko ya ji rauni, magana ta koma ta sayen injin Beljiyam sukutum. Kayan sarƙar da ka guje wa suna nan a cikin lissafin, ba su fita ba. Aikin da zai ɗauki yini ɗaya ko biyu idan kaya na hannu, sai ya zama na makonni, a tsakiyar kakar da ka so ka ceta. Ɗan kasuwar da ya saba kiranka kuma ba zai bar buhunansa a ƙauye yana jiranka ba. Zai sami wani, kuma ba lalle ya dawo ba.

Ba ma sai ta tsinke take ɓarna ba. Tsofaffin Hilux masu injin 22R sun koya wa makanikai wannan darasi. Robar damfa takan karye, gutsattsarin su faɗa kwanon mai su toshe rariyar famfo, ita kuma sarƙar ta riƙa gogar murfin gaba har ta huda shi zuwa hanyar ruwa. Sai a wayi gari ruwa ya gauraye da mai, ya koma fari-fari, ya cinye metal. Duk wannan a hankali yake faruwa, mota na tafiya, mai ita na ganin yana cin riba. Idan ƙarar ta daina tsayawa ga safiya, ta fara bin ka ko injin ya yi zafi, ko mota ta fara wuyar tashi, ko ta rage ƙarfi a hawa, ko aka ga ɓurɓushin ƙarfe a man da aka juye, to ka ajiye makulli. Ba sauran lallaɓawa.

Yanzu makanike. Inda mutanenmu ke kuskure shi ne su biya mai shago abin da ya ce ba musu, su zo kan mai aiki su matse shi har sai ya ji ba daɗi. Alhali shi ne zai yini a sunkuye, kuma hankalinsa ne ke tsakanin injinka da asara. Ku yi ciniki a fili kafin ya ɗauki sifana, ka biya shi abin da zai sa ya yi aikin a natse ba tare da yana hangen wata motar ba, kuma idan ya gama kada ka ja masa rai. Addininmu ya tsananta a kan haƙƙin ma'aikaci. Ka nemi wanda ya taɓa buɗe irin injinka, ba wanda zai koya a kansa ba. Ranar aikin ka zauna a wurin, ba don tsaro ba, don ka koya. Ka ga yadda ake daidaita gaɓoɓin sarƙa masu launi da alamomin da ke jikin haƙora. Ka ga an wanke kwanon mai da rariyar famfo. Ka lura da gam: wasu na ganin yawansa shi ne inganci, amma wanda ya yi yawa yakan matso ta ciki, ya bushe, ya gutsure, ya tafi ya toshe hanyar mai. A ɗaure notin kiranshaf da ma'aunin ɗauri yadda kamfani ya tsara, kada a yi ta dukan sa da guduma. Kafin a murza makulli a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, a tabbatar ba abin da ya tokare. A ƙarshe ka karɓi tsofaffin kayan ka duba su da kyau, za su nuna maka abin da ke faruwa a cikin motarka tun kafin ta zo hannunka.

Domin akwai tambayar da ta fi ta kuɗi: me ya cinye sarƙar da aka yi ta don ta daɗe? Kusan kullum amsar tana cikin baƙin mai. Sarƙa a cikin mai take wanka, kuma man da ya tsufa, ya cika da toka da ƙurar hanya, goge ƙusoshinta yake yi. Motar da ke aiki irin naka, lodi da ƙura da zafi da gajerun tafiye-tafiye, ƙa'idarta juye duk kilomita 5,000, tare da filta. Idan mitarka ba ta aiki ka gyara ta, don ba a juye da ƙiyasi. Ka rabu da man da ake aunawa a kwalba a bakin titi. Ka sayi na galan a rufe, daga wurin da ka sani. Filtar kirki tana da ɗan bawul a ciki mai hana mai tsiyayewa idan mota ta kwana, na jabu sau da yawa nasu ba ya riƙewa, shi ya sa kowace safiya injin ke tashi a bushe. Filtar iska ma ka riƙa duba ta, musamman da hunturu. Kuma kada ka yarda da maganar cewa mai kauri shi ne maganin ƙara. Yana iya rufe ta, amma da sanyin safiya shi ne mai jinkirin isa wurin ajasta. Abin da littafin motar ya ce shi za ka zuba. Idan ka saka sabuwar sarƙa ka ci gaba da tsohuwar ɗabi'a, ka fara tara kuɗin ta gaba ke nan.

Na san wani zai raɗa maka wata hanyar: ka zuba mai kauri, ka ɗumama injin kafin mai saye ya iso, ka rabu da ita. Kada ka yi. Ɓoye aibin kaya a ciniki haramun ne, kuma wanda zai saya ɗan wani ne, watakila gonar gado ya sayar ya tara kuɗin. Idan har ka ga ba za ka iya riƙe motar ba, ka faɗi abin da ke damunta, a rage maka kuɗin gyara, ka karɓi saura da albarkarsa. Amma ni ban ga dalilin sayarwa ba. Motar da bodinta ke da lafiya, giyarta na shiga, ba ta shan mai, ba a rabuwa da ita saboda sarƙa. Duk wadda za ka saya a madadinta da nata ciwon za ta zo, wanda ba ka san shi ba.

Saura inda kuɗin za su fito. Abin da ya sa wannan gyara ya zo maka da nauyi shi ne ya same ka ba tanadi, kuma ba kai kaɗai ba ne, haka yawancin matasa ke fara sana'ar. Kuɗin da aka miƙo maka bayan sauke lodi ba naka ba ne duka. Ka cire na fetur, na yaron mota, na tasha, wannan kowa ya sani don a take ake karɓa. Amma akwai rabon motar kanta, na taya da birki da kuloci da sarƙa da suke cinyewa a kowace tafiya ba tare da sun miƙo hannu ba. Wanda bai ware wannan ba, jarinsa yake ci yana zaton riba ce. Daga yanzu kowane lodi ka cire wani abu, komai ƙanƙantarsa, ka sa a asusun da ba ka taɓawa don biki ko suna, ko ka shiga adashi da direbobin da ka yarda da su. Ka sami ɗan littafi a aljihun mota kana rubuta ranar juye da kilomita da abin da aka canja.

Na wannan karon kuwa, kada ka je wurin masu ba da bashi da ruwa, ko na waya ko na unguwa. Ka yi wa 'yan kasuwar da kake wa dako magana a fili. Wanda ya san amanarka zai iya ba ka wani abu a gaba a riƙa cirewa a lodi, domin shi ma yana bukatar motarka da lafiya idan kaka ta kankama. Abin da ya rage ni zan cika maka, ka biya a hankali bayan kaka, kuma kada ka ji nauyin haka.

Ka kai motar gareji ranar Juma'a da yamma ka bar ta ta kwana a can, ka ce kada kowa ya tayar da ita. Ranar Asabar da sassafe, in Allah ya kai mu, zan same ka mu saurari tashinta na farko tare da makaniken, a cire fanbel, a auna mai, a sa kwamfuta. Ka zo da takardun motar saboda lambar shasi, idan ta tabbata sarƙar ce daga nan mu wuce kasuwa. Kafin ranar kada ka ɗauki lodin nesa. Ka gaida mini iyalinka.